Tambaya da Amsa: Atamfar da za ta kai baɗi

Tambaya: Anti, barka da aiki. Bana anko biyar na yi, amma ba ko ɗaya da ke fita kunya yanzu: wata ta koɗe, wata ta ɓarke a hammata. Ina so in rage saye, in riƙa ɗaukar mai ƙarko. Ta yaya zan gane ta a kasuwa? Daga wata mai karatu, unguwar Zariya, Maradi.

Amsa: 'Yar'uwa, tun a gaban mai shago ake raba gardama. Ki tafi da farin ƙyalle mai ɗan laima, ki goga a bakin turmin. In launi ya biyo ƙyallen, wanki uku ya gama da ita. Ki juya bayanta: atamfar kakin gaske, wato waks, zanenta kusan ɗaya ne ciki da waje, ta bugun sama kuwa bayanta fari-fari yake.

Sai gwajin wuta. Ki zare zare biyu daga gefe ki kusanta da ashana. Auduga tana ci da warin takarda, ta bar toka mai laushi. Mai roba narkewa take, ta dunƙule kamar ƙwallon leda. Ita ce ke riƙe zufa a zafin watan Afrilu, kuma tartsatsi ɗaya daga dutsen guga na gawayi ya isa ya huda ta. In an yar da ita ma ba ta ruɓewa, sai dai ta je ta toshe magudanar ruwa da damina.

Ɓarkewar hammata kuwa yawanci aikin tela ne na daren Sallah. Ki kai ɗinki da wuri, ki ce ya bar santimita 2 zuwa 3 na rara a ciki don a iya buɗawa in jiki ya ƙaru, ya bi hammata sau biyu, ya kuma kashe bakin yadin kada ya zare. Ragowar yadi shidan nan ki karɓo abinki, da shi za a yi faci gobe.

A wanki: ruwan sanyi, sabulu mai laushi, ban da ruwan jabel mai farar da tufafi, ban da jiƙo na kwana. Ki juya cikinta waje, ki shanya a inuwa, don ranar Maradi ta fi omo cin launi. Gishirin da ake cewa a zuba, gaskiya ba ya kama rinin da bai zauna ba tun daga masana'anta.

Tambaya: Malama, shaddata ta daina sheƙi bayan wanki biyu. Ta tashi aiki ke nan? Daga wani magidanci, Ɗan Gulbi.

Amsa: A'a, Alhaji. Ƙaron da ke jikinta ne ya fita. A kai wa masu bugu, su sa mata ƙaro su buge ta a kan gungume, sheƙin zai dawo. In launin ne ya gaji, marina za su mayar da farar shadda ko mai launin sararin sama zuwa shuɗi mai duhu, amma sai zaren aikin wuyan na auduga ne, don na roba ba ya shan rini.