Amsa ga mai Fijo 504 da hitarta ke jiƙa masa ƙafa

Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da dare. Ƙanena mai farar 504, na saurari saƙonka yanzu, ina hanya ne ɗazu. Ka ce ka ga kafet ɗin gaba a jiƙe, ga wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi a cikin mota, kuma ko ka tura libar hita zuwa sanyi iska mai ɗumi take fitowa, bakanikenka kuma ya ce a haɗe tiyo biyun kawai a manta da hitar. To, ni dai ban goyi bayan wannan ba.

Haɗe tiyo maganin kan hanya ne. In ruwa ya tsinke maka tsakanin Zariya da Kano, yi hakan ka isa gida, babu laifi. Amma motar da ka ce ta 1978 ce, daga Faransa aka kawo ta da hitarta lafiya, ai ba a yi mata haka. Ka bari sai ka kama hanyar Jos da asuba a watan Janairu, ko ruwan Agusta ya rufe ka gilashi ya yi hazo kana goge shi da hula, sannan za ka san amfaninta.

Bawul ɗin hita, wanda nake zargin shi ne matsalarka, ba wani abin mamaki ba ne, famfo ne kawai. Ruwan zafi yana fitowa daga inji, ya bi tiyo ya shiga wani ƙaramin lagireto da ke ƙarƙashin dashbod, fanka ta hura iska ta cikinsa. Libar da kake turawa waya take ja, wayar ta buɗe famfon ko ta rufe. Shekaru sun yi yawa, robar ciki ta bushe, tsatsa ta cinye shi, sai ya riƙa yoyo ko ya maƙale. Naka da alama duka biyun ya yi.

Amma kafin ka sayi komai, tabbatar. Ka kunna mota ta yi zafi, ka rufe hita, ka taɓa tiyo biyun da suka shiga jikin bangon inji, a hankali fa. In duka biyun da zafi sosai alhali ka rufe, bawul ba ya rufewa. Sannan ka kwanta da tocila ka ga inda ɗigon yake fitowa. In daga jikin bawul ne, alhamdulillahi, aiki ƙarami ne. In daga cikin akwatin hitar yake tsiyaya, to ƙaramin lagireton ne ya huje, wannan sai mai walda lagireto.

Yawwa. Wajen saye, ka cire tsohon ka tafi da shi a hannu, Ƙofar Ruwa ko Panteka, kada ka yi kwatance da baki. In ba a samu na asali ba akwai na gama-gari, amma ka duba bakinsa ya yi daidai da tiyonka, kuma ka lura: wani in an ja waya yake buɗewa, wani in an tura. Ka ɗauko na akasi, sai jar alamar liba ta koma sanyi, shuɗiyar ta koma zafi.

Ranar aiki, inji ya huce sarai, ka cire kan batir. Ka zubar da ruwan lagireto a roba, kada ka bar shi a ƙasa, wannan ruwan mai kala guba ne kuma zaƙi gare shi, akuya ko yaro zai iya lasa. Ka shimfiɗa tsumma a kan kafet. Ka ɗauki hoton yadda wayar libar take zaune da wayarka ta hannu kafin ka kwance.

To ga inda nake so ka buɗe kunne. Tiyon nan ya fi shekara arba'in manne da ƙarfe. Kada ka fizge shi. Ni na yi wannan gangancin a tawa, na sa ƙarfi na ja, sai bututun tagullar ya ɓalle daga inda aka yi masa dalma, aikin awa ɗaya ya koma kwana uku da sauke dashbod. Ka sassauta kilif, ka murɗa tiyon a hankali dama da hagu. Ya ƙi? Tsaga shi da reza a tsaye, ka sa sabo. Tiyo araha ne. Tun da ka buɗe kuma, sa tiyon ruwa ka wanke ƙaramin lagireton ta baya har jan ruwan ya daina fita, amma ba da ƙarfin injin wanki ba.

Sabon bawul, in da kibiya a jikinsa, ta bi hanyar da ruwa ke tafiya. Ka kai liba ƙarshen sanyi, ka rufe bawul da hannu, sannan ka ɗaure waya.

Saura zuba ruwa. Ka buɗe hita zuwa ƙarshen zafi tukuna, ka zuba a hankali, rabi kulan, wato ruwan lagireto mai kala, rabi ruwa mai tsabta, ba ruwan rijiya zalla ba, shi ya cinye na farkon. Ka tayar da mota murfin lagireto a buɗe har tiyon sama ya yi zafi kumfa ta daina tasowa, ka ƙara, ka rufe. Kada ka yi wasa da iskar nan da ke maƙalewa a cikin ruwan, kan silindar 504 alminiyon ne, ba ya jure obahitin. Washegari da safe ka sake duba ruwa.

Af, na kusa mantawa. In ka gama duk wannan hita ta ƙi zafi sosai, duba tamostat, abin da ke tare ruwa kada ya tafi lagireto sai inji ya yi zafi, mutanenmu sun saba cire shi su yar. Ka turo mana hoton tsohon bawul ɗin a nan in gani, wataƙila ina da irinsa a cikin kwali. Sai da safe.