Ɗan kwikwiyo zan saya ko wanda ya fara gudu?

Tambaya: Ina zaune a Shafil, ƙasar Ingila. Ni da abokaina biyu muna so mu haɗa kuɗi mu sayi karen tsere, irin da ake kira girehawun. An yi mana tallar ɗan wata huɗu da araha, an ce ubansa gwarzo ne. Mu saya?

Amsa: Ɗan'uwa, shawarata ku haƙura da wannan kwikwiyon. A wata huɗu babu wanda zai iya gaya muku ko zai bi zomon roba da ake ja a filin tsere, wasu kuwa har su girma ba sa kula shi. Ga shi GBGB, hukumar da ke kula da tseren karnuka a Birtaniya, ba ta barin kare ya shiga tsere sai ya cika wata 15. Kusan shekara guda ke nan kuna ciyarwa kuna biyan mai reno, ba ku san abin da kuka saya ba.

Maganar uba kuma kada ta ruɗe ku. Namijin da ya yi suna yakan haifi ɗaruruwan 'ya'ya, a cikinsu akwai na kirki akwai na banza. Uwar za ku bincika: ta yi tsere? 'Ya'yan da ta haifa a baya me suka taɓuka?

Ku ƙara kuɗi ku nemi mai wata 14 zuwa 18 wanda aka riga aka gwada. Yawancin karnukan da ke gudu a Birtaniya haihuwar ƙasar Ailan ne, inda aka fi auna su a tazarar yadi 525. Matashin da ya gama ta ƙasa da daƙiƙa 29 ya cancanci a tsaya a dube shi. Amma agogo kaɗai bai isa ba. Ku nemi bidiyon gwajin, ku ga yadda yake fita daga akwatin da ake sakin karnuka a farkon tsere, da yadda yake shan kwanar farko, don a nan ake cin yawancin tsere.

Kafin ku biya ko sisi, likitan dabbobi na ɓangarenku ya duba shi. Karnukan nan kullum hagu suke karkata a fili, shi ya sa nauyi ke sauka a gaɓar ƙafar baya ta dama, kuma ita ta fi karyewa. Ya lalube ta da kyau, ya buɗe yatsu ɗaya bayan ɗaya, ya danna tafin ƙafa ko akwai ƙulli mai tauri, ya sa a zagaya da shi a kan siminti. Ku buɗe kunnuwa: ɗan Ailan yana da lambar zane a duka biyun, kuma dole ta dace da takardunsa da na'urar shaida da aka dasa masa a ƙarƙashin fata.

Abu biyu kuma ba zan ɓoye muku ba. Sana'ar nan da kuɗin caca take tafiya, sai ku yi shawara da zuciyarku. Sannan tana ja da baya: Niyuzilan ta sanar a Disambar 2024 cewa za ta haramta ta, yankin Wales na Birtaniya ma ya bi sahu a 2025.

Karen zai bar fili yana shekara huɗu ko biyar, alhali zai iya kai 12 ko fiye. Tun 2020 GBGB na karɓar kuɗin ajiya daga mai kare don samar masa gida bayan ritaya, amma ba ya ɗauke muku nauyi. Ku ukun ku rubuta tun yanzu gidan wa zai koma ranar da ya daina gudu, da wanda zai biya likita idan ya karye a tserensa na farko.