A ina aka kashe Rabeh?

Malam mai tambaya, ba a Dikwa aka kashe Rabeh ba kamar yadda ka ji. Shi ɗan Sudan ne daga wajajen Kartum, kwamanda ne a rundunar Zubair, wani babban mai fataucin bayi na Sudan, da aka murƙushe su a 1879 sai ya yo yamma da 'yan bindigarsa yana yaƙi har ya ci Borno a 1893, ya ƙone Kukawa ya koma Dikwa da zama, wallahi talakawan Borno sun ji jiki a hannunsa ba kaɗan ba. Faransawa ne suka gama da shi a Kuseri, wani gari a arewacin Kamaru ta yau daura da Njamena, ran 22 ga Afrilu 1900, suka sare kansa. Kwamandansu Lamy ma a yaƙin ya mutu, shi ya sa da ake ce wa Njamena Fort Lamy.