Hagu, Dama, Santsi da Taɓo: Kalmomin da Ake Auna Jam'iyya da Su

Tambayoyin wannan makon kusan duk ta ƙofa ɗaya suka shigo, wato kalmomin da ake auna ra'ayin jam'iyyun siyasa da su.

Tambaya daga Fagge: Allah gafarta Malam, aikina fassara labaran ƙetare. Ina yawan cin karo da gardamar ko jam'iyya kaza ta matsa tsakiya ko ta ƙara karkata hagu. In na ce "jam'iyyar hagu", mai sauraro zai gane?

Ɗan'uwa, zai gane wani abu, amma ba wanda kake nufi ba. Wannan rabo na hagu da dama ya samo asali ne daga majalisar Faransa a 1789, lokacin juyin juya hali. Masu goyon bayan sarki suka zauna dama da shugaban majalisa, masu son a rage ikon sarki suka zauna hagu da shi. Tsarin zama ne kawai, sai ya zama suna. A kunnen Bafaranshe kalmar ba ta ɗauke da zagi.

A wurinmu kuwa hagu tana da kaya a kanta tun kafin siyasa ta zo. Yaro ya miƙa hagu cikin kwanon tuwo, kafin ya kai loma uwa ta buge hannun. Da ƙafar dama ake shiga masallaci, da hagu ake shiga makewayi. Wanda ya karanta Suratul Waƙi'a ya san makomar mutanen dama da ta mutanen hagu. Daga nan harshe ya gina kalmominsa: bahaguwar fahimta, bahagon tunani, al'amari ya hagunce. Kalmar hauni, wadda ake ji a bakin mutanen yamma da ma'anar hagu, ita ce kuma sunan mai zartar da hukuncin kisa a fadar sarakunan da. Dama fa? Na hannun dama, samun dama, jiki ya yi dama-dama, in ka ga dama. A fagen dambe ne bahago ke da kwarjini, don naushinsa na zuwa ta inda ba a tsare ba. Ka ga ke nan in ka ce "jam'iyyar hagu" ka zage ta ba da niyya ba, in ka ce "jam'iyyar dama" ka yi mata kirari kyauta.

Abin yi shi ne ka duba a kan me ake gardamar a cikin labarin. In a kan dukiya ne, wato haraji, albashi, tallafi da mallakar masana'antu, to ɓangaren hagu su ne masu son gwamnati ta sa hannu don kare ma'aikata da talakawa, waɗanda suka yi nisa a cikinsu kuma masu ra'ayin gurguzu. In a kan al'ada da tsarin zaman jama'a ne, sai ka ce masu ra'ayin sauyi, kishiyoyinsu masu ra'ayin riƙau ko 'yan mazan jiya. Na tsakiya su ne masu matsakaicin ra'ayi.

Wurare biyu masu fassara ke yawan tuntuɓe. Na farko "sassaucin ra'ayi": wasu na sa shi ga na tsakiya, wasu ga masu neman sakin mara a harkar al'ada, har labari ɗaya ya ƙunshi ma'ana biyu. Ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kanta. Na biyu "tsattsauran ra'ayi". Kalmar ba ta nuna ɓangare, zafi kawai take nunawa, kuma yau mai sauraro da ya ji ta sai hankalinsa ya tafi ga masu ɗauke da makamai. In za ka yi amfani da ita, faɗi a kan me: tsattsauran ra'ayin ƙin baƙi, ko tsattsauran ra'ayin gurguzu.

Ga misali. A 1995 jam'iyyar Leba ta Ingila, ƙarƙashin Tony Blair, ta sake sashe na huɗu na tsarin mulkinta, wanda ya ɗaure ta ga neman a mayar da manyan masana'antu mallakar jama'a, ta kuma ci zaɓen 1997 bayan shekara 18 tana adawa. A Hausa sai a ce: "Leba ta sassauta manufofinta don jawo masu matsakaicin ra'ayi." Ba hagu ba dama a jimlar, kuma ba abin da ya zube.

Tambaya daga Ɗorayi: Malam, daga ina aka samo gurguzu, jari-hujja da riƙau?

Gurguzu 'ya'yan yakuwa ne, waɗanda ake daddawar batso da su. Ƙanana ne, ba mai ƙirga su ɗaya-ɗaya, a dunƙule ake aunawa. Shi ya sa abin da aka yi shi a tare ba a ware na kowa ba ake ce masa gurguzu, kuma masu fassara suka ga ya dace da tsarin da dukiya ke zama ta kowa da kowa. Jari-hujja kuwa jimla ce aka matse: jarinka shi ne hujjarka. Wanda ya ƙirƙiro ta ya riga ya yanke wa tsarin hukunci a cikin sunan. Riƙau daga riƙe ne da ɗafin "-au" mai nuna wanda abu ya zame masa hali, kamar mantau da makarau.

Tambaya daga wata ɗaliba a Gwammaja: Baba Malam, kakana kullum yana maganar 'yan Santsi da 'yan Taɓo. Wanne ne na hagu a cikinsu, wanne ne na tsakiya?

'Yata, sai mun ɗan koma baya. Ranar 8 ga Agusta 1950 mutum takwas suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, takenta Sawaba. Kalmar Larabci ce mai nufin abin da yake daidai, amma Bahaushe ya juya ta zuwa sauƙi bayan wuya, kamar yadda ake cewa mara lafiya ya sami sawaba. Abokiyar hamayyarta, jam'iyyar NPC da sarakuna ke mara wa baya, ita kuma takenta Salama. Ki lura da kyau: ɗaya na cewa akwai ƙunci a fitar da mu, ɗaya na cewa akwai zaman lafiya kada a tayar da shi. Gardamar sauyi da riƙau ke nan cikin kalma biyu, ba a ambaci hannun kowa ba.

NEPU ta kira kanta jam'iyyar talakawa, kuma a nan ma ana kuskure. Talaka a asali kishiyar basarake ne. Wanda ba shi da abin hannu matalauci ne ko fakiri. Mai rumfa uku a Kantin Kwari, muddin ba ya riƙe da sarauta, talakan sarki ne. Shi ya sa teloli, mahauta, 'yan tireda, maƙera da malaman allo suka ga kansu a ciki. Ƙorafinsu haraji, aikin tilas, da kotun da ba a jin ta bakin mai ƙaramin ƙarfi.

A 1978 Malam Aminu Kano, tsohon jagoran NEPU, ya kafa jam'iyyar PRP, ta ci gwamnan Kano da na Kaduna a 1979. Gwamnan Kano Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali da hawansa, a 1980 kuma ya mayar da ranar ma'aikata ta 1 ga Mayu ranar hutu a Kano. Rigima ta tashi ne da Rimi da gwamnan Kaduna Balarabe Musa suka ci gaba da zama da gwamnonin jam'iyyun UPN da GNPP masu adawa da gwamnatin tarayya ta jam'iyyar NPN, alhali shugabannin jam'iyya sun hana. Jam'iyya ta dare biyu. Waɗanda suka tsaya tare da Malam Aminu su ne Taɓo, na gwamnoni su ne Santsi.

Sunayen daga damina aka ɗauko su. Ki tuna lungu bayan ruwan Agusta. Akwai inda jar ƙasa ta jiƙe ta yi kauri, ki taka ƙafa ta nutse, ki ciro ta takalmi ya zauna a ciki. Wannan taɓo ne. Akwai kuma inda saman ƙasa ya yi sulɓi, kina takawa sai ki ji ki a zaune. Wannan santsi ne. Kowane suna baki biyu gare shi. A bakin abokin hamayya ɗan Taɓo ya maƙale ya kasa gaba, a bakinsa shi kuwa ya kafe inda aka bar shi bai ci amana ba. Ɗan Santsi a bakin abokin hamayya santsi ya kwashe shi daga layin Malam, a bakinsa shi kuwa duk wanda ya taka shi zai sha ƙasa.

Amsar tambayarki ita ce ma'aunin hagu da tsakiya bai zauna daidai a kan waɗannan sunaye ba. Ɓangaren Santsi ne ya tara 'yan boko masu zafin ra'ayin gurguzu, irin su Dokta Bala Muhammad, mai ba Rimi shawara kan siyasa, wanda aka kashe a tarzomar 10 ga Yuli 1981. Su suna zargin 'yan Taɓo da sassauta wa NPN. Amma a 1983 Rimi ya tsaya takara ne a NPP, jam'iyyar da ba ta kai PRP zafin aƙida ba, Sabo Bakin Zuwo na ɓangaren Taɓo kuma ya kayar da shi, 'yan watanni bayan rasuwar Malam a watan Afrilu. Abin da Santsi da Taɓo ke aunawa shi ne wa ya tsaya, wa ya gusa, kuma daga wurin wa.

Ko da gwamnatin Babangida ta kafa jam'iyyu biyu a 1989, ta ce SDP ta ɗan karkata hagu, NRC ta ɗan karkata dama, tsofaffin sunayen ne suka ci gaba da aiki a Kano. Santsi da Taɓo duk suka shiga SDP da rigimarsu, rigimar ta taimaka Kabiru Gaya na NRC ya ci gwamna a zaɓen 1991. A zaɓen 12 ga Yuni 1993 kuma Kano ta ba Abiola na SDP rinjaye a kan ɗanta Bashir Tofa. In kina son ganin inda aka yi wannan siyasa, gidan Mambayya, wato gidan Malam Aminu, na nan unguwarku, yanzu cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ce ta Jami'ar Bayero.

Tambaya daga Kurna: Malam, mun yi musu a majalisarmu. Wani ya ce jam'iyya ta bi zamani, don in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya. Wani ya ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Wanne karin magana ne ya fi gaskiya?

Duka biyun gaskiya ne, sai dai ba abu ɗaya suke magana a kai ba. Karin magana ba alƙali ba ne, shaida ne, kuma kowane mai ƙara yana iya kiran nasa.

Ku dubi na farkon da kyau. Abin da ya sauya rawa ce, wato taku da juyi. Mai rawar bai sauya ba, filin ma bai sauya ba. In aka ɗora shi a kan jam'iyya, yana halatta sauya lafazi, salon kamfe, ɗan takara, har da abokin ƙawance. NEPU da kanta ta yi ƙawance da NCNC, jam'iyyar da ƙarfinta ke kudu, Malam Aminu ya riƙe muƙamin kwamishina a gwamnatin Gowon, bai kuma daina maganar talaka ba. Na biyun yana magana ne a kan gida, wato mutanen da suka ɗauki jam'iyya a ka tun ba ta da komai, da buƙatar da suka taru a kanta. Wanda ya jawo "in kiɗa ya sauya" don ya halatta watsar da wannan buƙata ya ɗora wa karin maganar kayan da ba nata ba.

Ita tsakiyar ma Hausa ta raba ta. Akwai matsakaici, wanda abin yabo ne. Alƙur'ani a Suratul Baƙara, aya ta 143, ya kira musulmi al'umma matsakaiciya, malamai kuma kan ce mafi alherin al'amura matsakaitansu. Matsakaici yana da matsayi, ya auna ne ya tsaya. Akwai ɗan ba-ruwanmu, wanda ya janye daga rigimar gaba ɗaya. Akwai mai raba ƙafa, wanda ya sa ɗaya nan ɗaya can yana jiran ya ga inda za ta faɗi, kuma shi ake wa gargaɗi da cewa taura biyu ba ta taunuwa, ƙarshensa ba tsuntsu ba tarko. Sai tsaka mai wuya, wadda ba zaɓi ba ce, matsi ne daga ɓangare biyu. Jam'iyyar da ta ce za ta koma tsakiya, a tambaye ta wacce daga cikin huɗun nan.

Ra'ayina, tunda kun nema: a wurin da talaka ya fi yawa, kamar Kano, jam'iyyar da aka gina a kan kukansa ba ta da riba in ta sassauta a kan kuɗin makaranta, magani, taki da harajin 'yan kasuwa, domin masu rinjayen ƙuri'a a nan suke, kuma sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Inda sassauci ke amfani shi ne a harshe da mu'amala: a daina zagin abokin hamayya, a zauna da sarakuna, malamai da attajirai, a karɓi gyara in tsari ya ƙi aiki, don gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Hanyar gwaji mai sauƙi ce. Ku rubuta buƙatu uku da aka kafa jam'iyyar a kansu, ku ɗauko takardar manufofinta ta yau ku duba. In suna nan an sake musu lafazi, rawa ce ta sauya. In babu ko ɗaya, an bar gida.

Tambaya daga Sharaɗa: A rubutu ina ganin "Tabo" ina ganin "Taɓo". Wanne ne daidai?

Taɓo, da ɓ mai lanƙwasa. Tabo da b sak shi ne alamar da ciwo ya bari a jiki ko ɗigon da ya ɓata riga, kamar a ce mutum ba shi da tabo. Tsofaffin keken rubutu da jaridun Turanci ba su da harafin mai lanƙwasa, shi ya sa "Tabo" ya yaɗu, har wasu matasa ke zaton sunan na nufin ɓangaren da ke da aibi. In allon wayarka ba shi da ɓ, sauke na Hausa, ko ka sa alamar hamza (') kafin harafin ka rubuta ta'bo.