Kakana ya tafi yaƙin Bama bai dawo ba, ina zan sami labarinsa?

Tambaya: Malam, kakana ya shiga soja a zamanin Turawa, aka tafi da shi yaƙin Bama, daga baya aka aiko wa iyayensa cewa ya rasu. Ko akwai inda aka rubuta sunansa, kuma wace irin rayuwa suka yi a can? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Allah ya jiƙansa da rahama. Mai yiwuwa kakanka yana cikin ɗaya daga rundunoni biyu na sojojin ƙasa da Ingila ta haɗa daga Afirka ta Yamma, wato Runduna ta 81 da ta tafi a 1943, da ta 82 da ta bi bayanta a 1944. Daga Legas aka ɗauki 'yan Nijeriya a jirgin ruwa zuwa Indiya, sannan aka tura su dazuzzukan Bama, wato ƙasar Myanmar ta yanzu, su fuskanci sojojin Japan. Hausa ce harshen bariki a bataliyoyin Nijeriya, har hafsoshin Turawa ma sai da suka koye ta.

Rayuwar kurtu a kwarin Kaladan da yankin Arakan ba ta da daɗin ji. Babu hanyar mota, don haka da adda ake sare kurmi, a ɗauki harsasai da kayan igwa a ka, abinci kuwa jirgin sama ne yake sako shi da laima. Idan damina ta sauka, matsattsaku su manne wa mutum a ƙafa har cikin takalmi, ga zazzaɓin cizon sauro, ga atuni. Saboda haka kada ka ɗauka lalle harsashi ne ya yi ajalinsa, domin cuta ma ta ci mutane da yawa. Sunayen wuraren da aka gwabza suna nan a barikokinmu: Dalet a Kaduna, Letmauk a Ibadan, da Myohaung a Legas, sunan wani gari a Bama da aka ƙwace a Janairun 1945.

Game da sunansa, hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel tana da rajista a intanet wadda kowa zai iya dubawa kyauta. A maƙabartar Taukkyan, arewa da birnin Yangon, akwai kaburbura sama da 6,000, da ginshiƙai masu ɗauke da sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san inda aka binne su ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne sunan da aka ɗauke shi da shi. Masu ɗaukar soja sukan rubuta sunan yanka su haɗa da sunan gari maimakon na uba, wani lokaci ma da kuskuren rubutu, shi ya sa za ka tarar da mutane da dama masu suna iri ɗaya. Ka tambayi dattawan gidanku ko akwai wata tsohuwar takarda ko lambar yabo a ƙasan akwati, domin lambarsa ta soja, wadda ga 'yan Nijeriya takan fara da NA, ita ce za ta bambanta shi da takwarorinsa.