Bitar kwana uku ba ta sauke wa malami gajiya

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya taimaki hedimasta.

Ka ce kana riƙe da firamare a yankin Akko na jihar Gombe, malamai 18, ɗalibai sun haura 1,000. Duka da tsawa sun yi yawa, malaman a gajiye suke, kana son shirya musu horo kan jin daɗin aiki da tausaya wa yara, amma babu kuɗin gayyato masani daga Gombe. To, rashin kuɗin bai kamata ya dame ka ba. Irin bitar da aka saba, wadda ake tara mutane kwana uku a babban zaure, a ci shinkafa, a sa hannu a karɓi kuɗin mota, ba ta cika canza halin malami a aji ba. Malamin yakan dawo ranar Litinin ya tarar da yara 90 a ƙasa, zafi na dukan kwano, sai hannu ya koma inda ya saba. Abin da ke kama jiki shi ne horo gajere da ake maimaitawa a cikin makaranta, ana gwadawa a aji tsakanin zama da zama.

Amma kada ka fara da maganar yara. Fara da malaman. Raba wa kowa falle ɗaya, kada a rubuta suna, a amsa tambaya uku: me ya fi gajiyar da kai a wannan makarantar, wane lokaci na yini ka fi saurin fushi, wane abu guda ne in an gyara shi aikinka zai yi sauƙi. A zuba a kwali, malamai biyu da 'yan'uwansu suka zaɓa su buɗe, kai ka kauce. Amsoshin a kasa su uku. Akwai abin da ke hannunka, akwai na kwamitin al'umma mai kula da makaranta (SBMC) da ƙungiyar iyaye, akwai kuma wanda ya fi ƙarfinku duka, wato albashi da ƙarin girma da ƙarancin malamai. Wannan na ukun a rubuta shi a miƙa wa sakataren ilimi da reshen ƙungiyar malamai ta ƙasa (NUT), kuma ka faɗa wa malamai ƙarara cewa horon nan ba zai magance shi ba. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare; kowa ya san inda muke. In ka yi kamar ba ka ga wannan ba, za su ɗauka an zo ne a koya musu haƙuri da zalunci.

Daga kashin farko, gyara abu ɗaya kafin zaman farko. Yawanci jadawali ne. Ƙirga darussan kowane malami a mako, za ka iya tarar da wani yana da 35 wani 15, kuma mai yawan galibi shi ne sabon da ba shi da bakin magana. Daidaita. Sai randar ruwan sanyi a ofishin malamai, banɗaki mai kuba ga malamai mata, da jerin wanda zai riƙe ajin wanda ya yi rashi ko yake jinya, don kada mutum ya riƙa roƙo kamar mai neman bashi. Duba littattafai ma yana cin rai: a ajin yara 90, a karɓi 18 kullum, layi-layi, kwana biyar sun zagayo, sauran aikin a gyara a allo yara su yi musayar littafi.

Sannan horon. Zama shida a zango guda, bayan kowane mako biyu, awa ɗaya ko da 'yan mintuna. Sa shi cikin lokacin aiki, misali darasi biyu na ƙarshe ranar Laraba. In ka ajiye shi bayan tashi a watan Maris ko Afrilu, ko cikin azumi, gangar jiki kawai za ka samu. Kowane zama a fara da minti 10 na jin abin da aka gwada, minti 15 na sabon abu guda ɗaya tak, rabin awa na gwaji, ragowar kowa ya faɗi abin da zai yi kafin haɗuwa ta gaba. Jagorancin ya riƙa zagayawa. Kai kuma ka bar kujerar ofis, ka zauna a benci tare da su.

Zaman farko na gane gajiya ne. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana ƙonewar zuciya da aiki ke jawowa da alamu uku: ƙarfi ya ƙare, mutum ya yi nisa da aikin a ransa har ya fara ƙyamarsa, sannan ƙwazonsa ya ragu. Ta biyun ce ta shafe ka, domin malamin da ke cewa "yaran nan dabbobi ne" sau da yawa ba mugu ba ne, ya ƙare ne. Zama na biyu na kame fushi ne kafin ya kai hannu: ajiye alli, ja baya taki biyu, shaƙi numfashi kana ƙirga huɗu, saki kana ƙirga shida, sau biyar. Ga malamai Musulmi wannan ba baƙo ba ne, an san umarnin cewa mai fushi in yana tsaye ya zauna, ya yi shiru, ya yi alwala. Haka hadisin da ke cewa wanda ba ya jin ƙai ba a jin ƙansa, wanda Annabi (SAW) ya faɗa wa mutumin da ya ce yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba. In akwai malamai Kirista a cikinku, kamar yadda aka saba a makarantun jihar nan, su ma su kawo daga nasu littafin. Sai dai a kula kada zaman ya koma wa'azi. Kowa ya riga ya yarda tausayi abu ne mai kyau. Abin da ya rasa shi ne me zai yi da ƙarfe sha ɗaya, lokacin da yaro ya jefi wani da takalmi.

A nan ne mafi yawan shirye-shirye ke faɗuwa. A karɓe bulala, ba a ba malami komai a madadinta ba, aji ya rikice, bayan mako uku ta dawo fiye da da. Don haka zama na uku da na huɗu su tafi a kan matakan horo da makaranta duka ta amince da su. Da farko kallo da matsowa kusa da yaron ba tare da katse darasi ba. In bai bari ba, a kira sunansa a faɗi abin da ake so ya yi, a taƙaice. Sai sauya masa wurin zama. Sai magana ta minti uku lokacin tara, daga shi sai malami, a wurin da ake hango su. Sai aikin gyara da ya dace da laifin, wanda ya watsa shara ya share, wanda ya yaga littafin wani ya liƙe. Kiran iyaye shi ne na ƙarshe. Tsallen kwaɗo, kamun kunne, durƙuso a rana da sa monita ya doki 'yan aji duk duka ne da aka sauya wa riga. A gwada matakan uku-uku, ɗaya malami, ɗaya yaro mai taurin kai, ɗaya mai kallo, a riƙa sauyawa. Za a yi dariya da farko, ƙyale su. A kuma tsayar da alamar shiru guda ga makaranta duka, tafi uku yara su amsa da biyu, wadda ke ceton maƙogwaron malami.

Zama na biyar na sanin yaro ne. Mai latti kullum, wataƙila sai ya ɗebo ruwa ko ta kai tallan koko kafin a sake su. Mai barci a aji, a tambaya ko ya karya. Akwai kuma yaran da iyayensu suka taso daga Borno da Yobe saboda rikici, wasu tsawa kawai ke firgita su. Kowane malami ya zaɓi yaro ɗaya da ya fi ba shi wahala, ya yi hira da shi minti biyu kullum har kwana 10 a jere, kan ƙwallo ko awakinsu ko ƙanensa, ban da laifinsa. Ya kuma haddace sunaye goma a rana daga rajista, domin "kai, mai jar hula" ba ta gina komai.

Tsakanin zama, malamai su shiga ajin juna bibbiyu, minti 20, mai kallo yana jan layi a takarda: sau nawa aka yaba, sau nawa aka daka tsawa. Takardar ta mai ajin ce, kada ta zo teburinka. Ranar da ta shiga fayil ɗin wani, ranar shirin ya mutu.

Abu biyu kuma za su taso. Iyaye za su zo da "Malam, a zane shi, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi." Kada malami ya tsaya gardama shi kaɗai. Tara SBMC da mai unguwa da liman tun makon farko, ka nuna musu matakan a rubuce, su ga horo na nan, salo ne ya canza. Na biyu, a kowace makaranta akwai malama mai taushin zuciya da duk yara masu matsala ke taruwa a kanta, tana sayen fensir da ƙosai daga albashinta har ta gaji ta fara gudunsu. A kafa ƙaramin asusu a ƙarƙashin SBMC, a raba yaran tsakanin malamai.

Malami kuma ba likita ba ne. Wanda ya shafe mako biyu ba barci, ba cin abinci, ya janye daga mutane, ko yake maganar gara mutuwa, babba ko yaro, a haɗa shi da asibiti, na kusa ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe. Yaron da aka ga alamar cin zarafi a jikinsa, a sanar da kai a ranar, kai kuma ka kai ga hukuma, ba a tattauna shi a ofishin malamai.

Zama na shida na lissafi ne. Ɗauko rajistar zuwan yara, littafin sa hannun malamai, da adadin waɗanda aka kawo maka ofis, ka kwatanta makon farko da na ƙarshe, sannan a sake cika fallen nan mai tambaya uku. Rubuta sakamakon a shafi ɗaya ka kai wa sakataren ilimi, ka nemi a saka shi cikin bitar gungun makarantu da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha (SUBEB) ke shiryawa, domin maƙwabtanku su turo malami bibbiyu su zauna da ku zango mai zuwa.