PSA ya sauka, amma Baba ya daina zuwa masallaci

Malam, ka ce an yi wa mahaifinku aikin kansar furostet (wata 'yar gaɓa a ƙarƙashin mafitsarar namiji), PSA, wato gwajin jinin da ake bibiyar kansar da shi, ya sauka, amma ɗigon fitsari ya hana shi jam'i. Gwajin jini ba ya auna wannan wahalar. Likitoci na da takarda, EPIC-26: tambayoyi 26 kan fitsari, bayan gida, kusantar iyali da illar maganin homon (mai rage sinadarin maza a jiki), maki daga 0 zuwa 100.

Kada ka cike masa da kanka. Dattijo ba zai yi wa ɗansa zancen shimfiɗa ba, sai ya ce lafiya lau. Ku bar shi da likitan mafitsara su biyu. Ya riƙa ƙirga ƙunzugun da yake canzawa kullum, ya faɗa wa likita. In fitsari ya tsaya cak, asibiti nan take. Allah ya ba Baba lafiya.